Ƙaramar mitar da ta tona asirin baturana

Batura biyu gare ni na ruwa a kan inbatar gidana, dogayen nan tubula, kowanne 12V 200Ah, an haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, abin da masu gyara ke kira faralel. Rana ɗaya na saye su, a shago ɗaya. Amma tun shigowar zafin bana na lura na gaban ya fi shan ruwa. Sai na ƙara masa sau biyu ɗan'uwansa bai nemi ko ɗaya ba, in na dafa shi da rana kuma in ji ɗumi. Inbata ta koma yin kuka tun ƙarfe uku na dare, fanka ta tsaya, yara su farka cikin gumi.

Wanda ya yi mini haɗin ya zo, ya ɗora mitarsa, kowanne ya nuna 12.4V. Ya ce, "Alhaji, ai lafiyarsu lau." To ai dole. Baturan da ke ɗaure da juna kusan lamba ɗaya za su nuna, ko da ɗaya na ɗauke da kayan ɗaya na hutawa. Ƙanin maiɗakina, wanda ya karanci lantarki, shi ya ce mini: "Yaya, amfiyar da ke fita daga kowanne, wato yawan wutar da yake bayarwa, za ka auna. Nemi mita mai baki irin na filaya, amma ka tabbata tana karanta amfiyar DC, irin wutar batir." Wannan gargaɗi nasa ya yi rana, don da yawa daga cikin masu arahar da na gani a Sabon Gari amfiyar AC, irin ta wutar NEPA, kaɗai suke aunawa, wadda ba ta da amfani a kan batir.

UNI-T UT210E na ɗauko. 'Yar ƙarama ce, tana shiga aljihun riga, ƙananan batura biyu na rimot take ci. Ba sai ka kwance komai ba: ka murɗa zuwa amfiya, ka zaɓi DC, ka danna ZERO, sannan ka maƙala bakin a waya guda. Guda ɗaya fa, in ka haɗa ja da baƙi a ciki ba za ka ga komai ba. Kuma kada ka yi ƙyuyar danna ZERO kafin kowane awo, domin ko juya ta ka yi lambar tana ɗan motsawa.

Da daddare na kunna firji, fanka uku da talabijin. Batirin gaba yana ba da amfiya 22, na baya 9. Na sake aunawa har sau uku don ban yarda da idona ba. Sai na bi wayoyin da tocila. Ashe duka wayoyin inbata, ja da baƙi, a kan batirin gaba aka ɗaure su, na baya kuma an jona shi da 'yar siririyar waya mai tsawo, kanta ɗaya ya yi farin gari saboda tsatsa. Wuta kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. Shekara guda da rabi ke nan batir ɗaya na jan gidan.

Washegari muka kashe inbata, muka cire layin farantan sola, na tuɓe zobena, muka naɗe sifana da tef. Muka wanke kawunan da ruwan zafi, muka goge, muka sa wayoyi biyu masu kauri, tsawonsu ɗaya. Jar wayar inbata muka bar ta a batirin gaba, baƙar muka mai da ita na baya. A daren, da kaya iri ɗaya, mitar ta nuna 16 da 15.

Iyakarta amfiya 100 ne, don haka mai babbar inbata a kan 12V ya nemi wadda ta fi ta. Bakinta ma bai wuce milimita 17 ba, waya mai kauri sosai sai da dabara. Ni dai ta wadatar da ni. Abin da ya fi burge ni shi ne alamar ragi da take nunawa idan wuta ta juya: da na kashe komai da tsakar dare, na ga 'yar wuta na gangarawa daga na baya zuwa na gaba. Wato na gaban ya riga ya ji jiki. Mun raba su, mun bar su sun huta awa shida, na baya ya tsaya a 12.6V, na gaba 12.3V. Ba zan haɗa sabo da tsoho ba, sabon zai lalace a banza. Zan lallaɓa su zuwa bayan damina in canza duka biyun tare, kuma a ranar haɗin mitar nan tana hannuna.