Ƙamus ɗin Cambridge na intanet da karin maganar abokin lokacin daɗi

Ana gane ingancin ƙamus ne a wurin karin magana, domin a nan ne sanin ma'anar kowace kalma ita kaɗai ba ya kai mai karatu ga manufa. Da wannan ma'auni na auna ƙamus ɗin Cambridge na intanet, wanda ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta Ingila, maɗaba'ar da ta samu izinin buga littattafai tun 1534 a zamanin Sarki Henry na Takwas. Karin maganar da na gwada shi da ita kuwa ita ce ta Turanci, "fair-weather friend", wadda fassararta kalma da kalma ita ce abokin kyakkyawan yanayi.

Bayanin da ƙamus ɗin ya bayar gajere ne kuma daidai: mutumin da yake aboki matuƙar abotar ba ta da wahala, amma da zarar matsala ta same ka sai ka neme shi ka rasa. Ana shiga shafin kyauta, ana iya sauraron furucin Ingila da na Amurka, kuma akwai jerin kalmomi masu dangantaka da ake bi a faɗaɗa sani. Tallace-tallacen da ke gefe ba su hana karatu ba.

Inda nake ganin mai koyo zai buƙaci ƙari shi ne hoton da ke ƙarƙashin maganar. A wurin Bature, kyakkyawan yanayi shi ne rana ta fito, sama ta washe, teku ta kwanta. Hadari da iska su ne alamar masifa, shi ya sa ake kiran matuƙin jirgin ruwan da ba ya fita sai teku ta lafa da irin wannan suna. Wanda ya tashi yana ganin ruwan sama rahama ce, ba lallai ne hoton ya zo masa kai tsaye ba. Haka kuma maganar zargi ce mai nauyi, ba a jefa ta a fuskar mutum da wasa, ko da yake ba ta kai cin amana ba, tunda irin wannan aboki bai ƙulla maka sharri ba, janye jiki kawai ya yi a ranar da ake bukatarsa. Ya fi kusa da ɗan a bi yarima a sha kiɗa. A Amurka har magoya bayan ƙungiyar wasa ake siffantawa da ita, waɗanda ba a ganinsu sai ƙungiyar tana cin nasara.

Ƙamus ɗin yana fassara zuwa harsuna da dama, ciki har da Larabci da Faransanci, amma babu Hausa, don haka ya fi dacewa da wanda Turancinsa ya riga ya ɗan yi ƙwari. Ga irin wannan ɗalibi, da malami da mai fassara, ina ba da shawarar amfani da shi, tare da neman maganar a cikin jaridu domin a ga yadda masu harshen suke ɗora ta a kan 'yan siyasa da ƙasashen da ke ƙawance.