Ragin kashi 30 a manhajar odar abinci: akwai shi, amma da wuya ya iso aljihunka

Masu tambaya ko ragin kashi 30 cikin 100 da wani gidan abinci a Wuse 2 da ke Abuja ke tallatawa a manhaja gaskiya ne, to gaskiya ne, sai dai cin moriyarsa aiki ne ja.

Abincin kam ba laifi. Tuwon shinkafa da miyar taushe sun iso da zafinsu, an ɗaure robar tam, miya ba ta zuba a leda ba, naman kuma ya dahu luguf. A wurin biya ne rigimar take. Sai da na gama zaɓe na saka lambar rangwamen, sannan sharuɗɗa suka fara ɓullowa. Wai sai odar ta kai naira dubu 15. Na ƙara zoɓo da kunun aya don ta cika, aka ce abin sha ba ya cikin lissafi. Ashe kuma ragin ba ya wuce dubu 2, ko rago guda ka saya. Ga harajin VAT na kashi 7.5, ga kuɗin kawowa Gwarinpa da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ni ban ga laifin mai abinci don ya gindaya sharaɗi ba. Manhaja tana cire kasonta a kowace oda, shinkafa da gas sun yi tsada, kuma sana'ar ba wasa ba ce: a Disambar 2023 manhajojin odar abinci na Jumia Food da Bolt Food duk suka naɗe tabarmarsu a Najeriya. Ɓoye sharaɗin har sai yunwa ta ci mutum, shi ne abin haushi.

Akwai wani ɗan gidan masa a Garki, sharaɗinsu guda ɗaya ne tak, a rubuce ɓaro-ɓaro: ragin kashi 10 daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma, lokacin da ciniki ke lafawa. Kaɗan ne, amma abin da aka faɗa shi ake cirewa. A ofishinmu har an saba jan abincin rana zuwa La'asar, a haɗa oda ɗaya a raba kuɗin mai babur. Sun samu ciniki a lokacin da tanda ke zaman banza. Na Wuse 2 kuwa, yawancin abokan aikina da suka gwada a wurin biya suka fasa.

In kuna da yawa kuma kuna kusa, Wuse ko Maitama, za ku ɗan rage wani abu. In kai kaɗai ne daga Kubwa ko Lugbe, kuɗin kawowa ma ya cinye ragin.