Sharhi kan injin zarton zayyana bayan wata takwas ina aiki da shi

Ni ba kafinta ba ne, sha'awa ce kawai ta sa nake taɓa aikin katako a ranakun hutu, kuma wata takwas ke nan da na sayi ƙaramin injin zarton zayyana ƙirar Sin, irin wanda ake girkawa a kan tebur, siririn zartonsa yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki. Faɗin wuyansa, wato tazarar da ke tsakanin zarton da ƙashin bayan injin, inci 16 ne, ana kuma iya rage gudunsa ko a ƙara. Na duba da kyau na tabbatar da cewa na wutar 220 ne, domin yawancin waɗanda ake ƙerawa don kasuwar Amurka na 120 ne, ba a jona su kai tsaye a wutarmu. Wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa ba tare da ya yi nishi ba.

Aikina na farko shi ne taswirar Najeriya da na yanka jiha-jiha, guda 36 da Abuja, domin yara su riƙa harhaɗawa. Na manna zanen takarda a kan filawud mai kaurin milimita 6, na bi layi a hankali, injin ya yi abin da nake so, duk da cewa Legas da Abuja sun ba ni wahala saboda ƙanƙantarsu. Tun a ranar na lura cewa yana girgiza har ya riƙa gusawa daga inda aka ajiye shi, sai da na ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, na shimfiɗa roba a ƙarƙashinsa, sannan ya natsu.

Inda na gamu da ainihin matsala shi ne lokacin da na zo yanka dagi, tambarin nan na Arewa, wanda kusan duk kyansa yana cikin ramukan da ke tsakanin igiyoyinsa. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a huda ƙaramin rami a kowane gurbi, a kwance zarton daga sama, a zura shi ta ramin, a sake ɗaurewa, sannan a yanka. To, zarton da injina ya zo da shi mai ƙusa ne a kowane baki, ƙusar ce take maƙalewa a maɗauri, kuma ba ta shiga ƙaramin rami sai an faɗaɗa shi, faɗaɗawar kuwa tana cin zanen. Wanda ya sayar mini bai gaya mini cewa zarton iri biyu ne ba, mai ƙusa da marar ƙusa, ni ma ban san zan tambaya ba. Na yi makonni ina nema kafin na sami 'yan maɗauran ƙarfe da ake ƙarawa domin injin ya karɓi marar ƙusa, kuma har yau ɗaura su yana cin lokaci, musamman a zanen da ke da ramuka talatin ko fiye.

Da na samu zaruttan kirki, sai aikin ya sauya gaba ɗaya. Tsawonsu inci 5 ne, suna da lambobi, ƙaramar lamba ita ce mafi siranta: lamba 2 ko 3 nake sa wa filawud, lamba 5 ga yawancin aiki, lamba 7 ko 9 ga katako mai kauri da tauri irin su maɗaci. Na fi jin daɗin na kamfanin Pegas na ƙasar Suwizalan, da kuma irin wanda 'yan haƙoransa na ƙasa suke kallon sama, domin ba ya tsattsage bayan katakon, ya rage mini wahalar gugar samfefa. Akwai murɗaɗɗe mai yanka ta kowace fuska, amma layinsa yana da faɗi, ban iya sarrafa shi yadda nake so ba. Na karya zarto fiye da goma a makon farko kafin na gane cewa laifin hannuna ne: ina tura katakon da ƙarfi, kuma ba na ɗame zarton sosai. Yanzu ina ɗan kaɗa shi da yatsa, idan ya ba da siririyar ƙara na san ya ɗamu.

Bututun da ke hure ƙura daga kan layi ba shi da ƙarfi, don haka na ajiye fitila kusa, ina kuma sa takunkumi, domin ƙurar filawud tana da laushi kuma tana shiga ƙirji. Teburin injin, wato farantin da ake ɗora katakon a kai, yana karkata har digiri 45, sai dai ma'auninsa bai cika daidai ba, da sukwaya, ma'aunin kusurwa na kafintoci, nake daidaita shi.

Ban yi nadamar sayen injin ba, kuma zan iya ba mai koyo shawarar ya fara da irinsa, da sharaɗin ya tabbatar tun a shago cewa yana karɓar zarto marar ƙusa, ya kuma yi odar zaruttan dozin-dozin, domin a shagunan kayan kafintoci da na zaga ban same su ba, ta intanet na sayo. Dagin da na fara a wancan lokaci na kammala shi a kan maɗaci, na shafa masa man katako, yana rataye a falo, yanzu kuma ina gwada yanka sunayen yara da rubutun ajami.