Wayar shafa ta farko da na riƙe a Tahoua: ta ci kuɗinta kuwa?

Ta ci kuɗinta, amma ba a shekarar da na saye ta ba. Ƙaramar wayar Android ce da na ɗauka a 2012 a hannun wani mai shago a babbar kasuwar Tahoua, mai allo inci 3, kyamara megafiksel 2, da Android 2.3. Abin da na biya ya isa a sayi rago mai kyau gab da babbar salla, kuma a gida babu wanda ya ga hikimar hakan.

Shekarar farko wahala ce zalla. Cikinta ɗan mitsitsi ne, da ka saka manhaja uku ko huɗu sai ta ce ta cika, sai ka goge wannan ka saka waccan. Katin memori yana ɗaukar hotuna da karatun malamai, amma yawancin manhajoji ba su yarda su koma can. Haruffan allon ƙanana ne, babban yatsa yana danna biyu a lokaci guda, babu ƙ babu ɗ. Da tsakar rana sai ka shiga inuwa ka kare allon da tafin hannu kafin ka ga wanda ke kira. Batir kuwa, in ka kunna intanet da hantsi, kafin la'asar kana gaban mai cajin waya, alhali tsohuwar mai madannai da na ajiye tana kwanaki ba ta nemi wuta ba. Abin da ya rufa mini asiri wajen kredi shi ne Opera Mini, da yake tana matse shafi kafin ya iso wayarka.

A lokacin, gardamar fada bayan an ɗora shayi ba ta wuce wane dandali ne zai yi sarauta. Masu wayar BlackBerry suna taƙama da manhajarsu ta hira, BBM, suna musayar lambar PIN tsakaninsu. Samarin da ke zirga-zirga ta Ƙonni zuwa Sakkwato sun kawo mana manhajar hira ta 2go. Ƴan makaranta da suka saba da siber tun zamanin hi5 da Skyrock sun riga sun kwashe zuwa Facebook. Sai ga Google+ a watan Yunin 2011, da farko ma sai an gayyace ka kafin ka shiga, aka yi ta cewa ƙarshen Facebook ya zo. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: dandalin MySpace da aka saya dala miliyan 580 a 2005, a 2011 an sayar da shi kusan dala miliyan 35, ke nan babba ma yana faɗuwa. Na buɗe Google+ a wayar, tsarin raba mutane rukuni-rukuni ya burge ni, sai dai mutanen da nake son ji daga gare su ba su can. An rufe shi a Afrilun 2019, BBM ya bi bayansa a ƙarshen Mayun shekarar.

A ganina duk waɗannan dandalin mutum ɗaya suke rububi a kansa: wanda ya iya karatun boko, yake da adireshin imel, yake iya riƙe kalmar sirri. A ƙasar Adar kuwa, labarin da ya fi tsada shi ne na ɗan da ya tafi bida Abidjan ko Libiya, kuma wadda ta fi ƙishirwar jin sa ita ce uwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Mun taso muna ganin ana ɗaukar murya a kasat, a ba matafiyi ya kai, a jira amsa wata da watanni. Daga baya aka koma layi a telesantar, ana magana ido na kan agogo.

Abin da ya sauya darajar wayata shi ne saƙon murya da WhatsApp ya ƙara a Agustan 2013. Ba a tambayarka imel, lambar wayarka ta wadatar. Ka danna, ka riƙe, ka yi magana, ka saki. Ko rezo ya yi rauni saƙon yana jira har ya samu hanya ya wuce. Ranar da na fara kunna wa innarmu muryar yayana daga Abidjan, ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kara ta a kunne ko da yake muryar na fita fili, tana amsa gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ta ce, "Maido shi, ɗan nan, ban ji batun jikin yaran ba." Na ce, "To Inna, in kin ji sai ki ba shi amsa." Ta jero masa gaisuwar unguwa kaf, da wanda ya rasu da wadda ta haihu. Tun daga nan wayar ta zama ta gida: maƙwabta suna sallama bayan isha'i a aika musu saƙo, wani kawunmu mai harkar albasar Galmi yana jin farashin Abidjan kafin ya loda mota.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da Facebook ya sanar a Fabrairun 2014 cewa zai sayi WhatsApp a kan kimanin dala biliyan 19, bayan ya sayi Instagram dala biliyan 1 a 2012. Wannan ɓangaren bai kwanta mini ba har yau. Gasar da muke gardama a kanta a fada ta ƙare da manyan dandali uku a hannun kamfani guda, kuma muryar da ke kawo gaisuwa ita ce ke kawo jita-jita, wadda tsoho zai ji ya gaskata saboda da Hausarsa aka faɗe ta.

Wayar ta yi aiki har allonta ya tsage, kuma ko da ta kai 2020 da ta tsaya, domin daga 1 ga Fabrairun shekarar WhatsApp ya daina aiki a Android 2.3.7 da na ƙasa da shi. Wanda zai saya wa iyayensa waya yanzu, kada kyamara ta ɗauke masa hankali. Ya duba girman cikinta, ya duba batir, ya kunna saƙon murya a nan cikin hayaniyar kasuwa ya ji ko tsohuwa za ta iya jin sa.