Ƙanwata, ga yadda suke ba da insulin a nan idan fotasiyam ya hau

Salam ƙanwata, ya aiki, ya fama da dutin dare? Kin tambaye ni wane abu ne ya fi ba ni mamaki tunda na fara aiki a sashen masu ciwon ƙoda a nan Ingila, to wallahi ba wani sabon magani ba ne, maganar fotasiyam ce, wato sinadarin nan na cikin jini da ƙoda ke fitar da rararsa.

Kin dai san shi, ƙoda ta gaza, fotasiyam ya taru a jini, daga 3.5 zuwa 5 (a ma'aunin mmol/L) da ya kamata ya tsaya sai ki ga 6.5 ko sama, kuma zuciya ba ta jira, yawansa na iya rikita bugunta. Abin da muke yi a gida shi suke yi a nan. In hoton bugun zuciya ya canza a fara da kalsiyam gulukonet, mil 30 na mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, don a kare zuciyar, shi kam ba ya rage fotasiyam ko kaɗan. Sai insulin mai saurin aiki, Actrapid, yunit 10 cikin giram 25 na gulukos ta jijiya, gulukos ɗin don kar insulin ya faɗar da suga. Wani lokaci a haɗa da salbutamol, maganin asma na shaƙa. Insulin ɗin kora fotasiyam yake yi ya shige cikin ƙwayoyin jiki, cikin kamar minti 15 ya fara, ya sauke shi da kusan 1, amma fa ɓoye shi kawai ya yi, bayan awa 4 zuwa 6 zai dawo in ba a fitar da shi ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne bayan allurar. Ni da can da na ba da insulin da gulukos sai in ɗauka na gama, in wuce gado na gaba, ashe ita ƙoda tana cikin masu share insulin daga jini, to in ta lalace insulin ɗin daɗewa yake yi yana aiki, shi kuwa gulukos ɗin da aka haɗa masa cikin awa guda ya ƙone. Sai suga ya faɗi awa biyu ko uku bayan kowa ya saki jiki, mara lafiya na ta gumi yana sambatu a ce ai ciwon ne. Allah kaɗai ya san nawa muka gani haka ba mu gane ba, abin na damuna har yanzu.

A nan ba ki isa ki sa insulin ba sai kin auna suga tukun. In bai kai 7 mmol/L ba, ana gama insulin da gulukos ɗin farko za a ɗora masa ƙarin ruwa na gulukos kashi 10, mil 50 duk awa har awa 5. Sannan a dinga huda yatsa ana auna suga kowane rabin awa da farko, daga baya duk awa, aƙalla awa 6, akwai takardar da za ki cike layi-layi kuma in kin tsallake ɗaya sai an tambaye ki. Takardun nan suna gundurata ba ƙarya, amma wannan kam na yarda da ita.

Kayan aiki kuma ba a magana. Na'urar awon suga tana nan da tsinkenta ba ya yankewa, akwai injin da kike ɗiga jini ya ba ki fotasiyam cikin mintuna, ba sai an kai lab an zauna jira ba. Sirinjin insulin daban yake, haramun ne a ja da sirinji na gama-gari tunda yunit 10 ɗin mil 0.1 ne kacal, kuskure kaɗan kin ninka shi sau goma. Likita ma ba ya taƙaita kalmar yunit da harafi ɗaya don kar a karanta shi sifili. Suna da wata hoda Lokelma da ake damawa a sha ta kama fotasiyam a hanji, kafin a kai ga wankin ƙoda.

Wata da muke aiki tare ta yi zama a Amurka, ta ce can wasu asibitocin yunit 5 suke ba masu ciwon ƙoda, wasu kuma 0.1 a kowane kilo kar ya wuce 10, duk don gudun faɗuwar sugan. Mu nan 10 ɗin muke bi sai dai a ƙara gulukos. Ke dai kar ki canza adadi da kanki, wannan na likita ne, amma ki nuna masa saƙon nan, kuma duk wanda kika sa wa insulin don fotasiyam ki ware masa tsinken awo ko guda shida ne tun kafin ki ja allurar. Ki gaida mutanen ɗakinku.