Ayarin masu sha'awar motoci zuwa Gurara: tsari mai kyau, hukunci babu

Na biya kuɗi na shiga wani ayari da masu shirya yawon shaƙatawa ga ma'abota motoci suka haɗa, daga Abuja ta gefen Dutsen Zuma da Suleja har zuwa inda ruwan Gurara ke kwarara a Jihar Neja. Kafin a tashi, aikinsu ya burge ni ƙwarai. Bakanike ya duba iskar taya da birki da fitilun kowace mota, an tabbatar da kowa yana da abin kashe gobara, sannan aka sa jagora a gaba da wata mota a can baya ɗauke da akwatin agajin gaggawa, suna magana da juna ta rediyon oba-oba. Jagoran ya tuna mana cewa iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 100 ne cikin awa a babban titi mai tagwayen hanyoyi, 50 kuma a cikin gari, ya kuma sa kowa ya adana 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.

Bayan mun bar Suleja ne tsarin ya fara warwarewa, kuma dalilin sananne ne ga duk wanda ya taɓa tuƙi a jere. Da zarar tirela ta shiga tsakani ta raba ayari biyu, waɗanda aka bari a baya sai su taka mota don su kamo na gaba, ko da jagora bai ƙara gudu ba. Wasu matasa biyu suka mai da wannan dama ta tsere, suna wuce manyan motoci a kan kwana, ɗaya ma yana riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa huɗu. A hanyar da ke cike da 'yan acaɓa da masu talla da yara masu tsallaka titi, wannan ganganci ne da ran mutanen da ba su san da zaman ayarinmu ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda masu shirin suka tsaya ga lallashi ta rediyo, alhali sun ce duk wanda ya karya doka za a sallame shi. Da muka isa, da matasan aka ci abinci aka ɗauki hoto, babu wanda ya ce musu kanzil.

Abincin da wurin hutawar sun yi daidai da kuɗin da aka biya. Na rubuta wa masu shirin cewa zan sake shiga ne kawai idan sun raba ayarin zuwa ƙananan rukunoni, kowanne da jagoransa, sun ba kowa taswirar wuraren haɗuwa don kada na baya ya ji dole sai ya yi gudu, kuma sun fara cire mai tuƙin ganganci tun a zangon farko.