Kwamfutar ɗalibin zane: inda ya kamata kuɗin su tafi

Duk farkon zango sai iyaye da ɗalibai sun tare malaman sashen zane da tambaya guda: wace kwamfuta za a saya? Sau da yawa ma an riga an yanke shawara, albarkar malam kawai ake nema. Yaro ya ga wata mai tambarin Core i7 a Beirut Road a Kano ko a Banex a Abuja, mai shago ya ce masa "ai wannan ita ce ta masu girafik," magana ta ƙare. Ni zane nake koyarwa, kuma abin da na lura shi ne kuɗin suna ƙarewa ne a kan tambari, a manta da abin da ɗalibi zai ƙura wa ido shekara da shekaru, wato fuskar kwamfutar.

Da farko dai kada a yi gaggawa. Ɗan aji ɗaya da fensir da gawayi da kwali da fenti yake aiki, yana koyon zana abin da idonsa ya gani, da haɗa launi, da rubuta harufa da hannu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, girafik reshe ɗaya ne a sashen zanen masana'antu, tare da na yadi da na tangaran. Wanda ya shigo da niyyar yin fosta da tambari yana iya ƙarewa a ɗakin rini, kuma a can ba irin wannan kwamfuta yake buƙata ba. Idan kuɗin bai kai ba a bana, a saya masa takarda mai kyau a jira. Hannun da bai iya zane a takarda ba, babu manhajar da za ta rufa masa asiri.

Idan lokaci ya yi, yawancin gidaje tokumbo za su saya, kuma babu abin kunya a ciki. Kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su a waje, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, sun fi sababbin masu araha ƙarko, kuma kayan gyaransu na nan birjik a kasuwa. Tarkon yana cikin lambar injin. Rubutun i5 ko i7, wato ajin injin da ke sarrafa aikin kwamfutar, shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka duba lambobin da ke biye da shi. A i7-6600U, shidan farko na nufin zubi na 6, kuma ƙwaƙwalwa biyu ce kawai a cikinsa. Shi kuwa i5-8250U zubi na 8 ne, ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, ya fi wancan ƙarfi duk da sunansa ya fi ƙanƙanta. Don haka EliteBook 840 G5 mai i5 zubi na 8 ta fi 840 G3 mai i7 zubi na 6, ko da mai shago ya rantse. Ga wani dalili kuma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, in ban da 'yan tsiraru.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kada ta gaza 8GB, amma 16GB ne abin nema. Shi ne ma abin da kamfanin Adobe ke ba da shawara ga manhajarsa ta Photoshop. Ka tambaya ko ana iya ƙarawa daga baya, domin wasu sirara an manne musu ita a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ka mutu da ita. Ma'ajiyar fayiloli ta zama SSD, wato irin mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa. A kan wannan babu ciniki.

Sai fuska, inda nake son a daɗe. Kwamfuta biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya zuwa da fuska daban, domin kamfanin da ya saya wa ma'aikatansa shi ya zaɓi abin da aka sa. Wata mai ɗigo 1366x768 ce irin TN mai araha, wata mai ɗigo 1920x1080 ce irin IPS mai riƙe launi ta kowace kusurwa. Ta farkon ta ishi mai buga wasiƙa. Ga mai zane kuwa masifa ce: wurin aiki ya yi kaɗan, ga launi na canzawa da zarar ka ɗan sunkuya. Gwajin ba wuya. Ka je shagon da filasha ɗauke da hoton fuskar mutum, da shafi fari fat, da shafi baƙi ƙirin, da wani mai tafiya a hankali daga fari zuwa baƙi. Buɗe hoton fuskar, ka tura murfin baya, ka jawo shi gaba. Idan fatar mutumin ta koma toka-toka ko ta dushe kamar an watsa mata gari, ajiye ta ka nemi wata. A farin shafi za ka ga tabo da wuraren da suka yi rawaya. A baƙin za ka ga ɗigon da ya mutu da hasken da ke tsiyaya ta gefe. Ko a cikin masu IPS akwai na ƙasa, waɗanda ba sa nuna launukan sRGB (ma'aunin launi na gama-gari a kwamfuta) gaba ɗaya, sai ja ya fito kamar ruwan lemo. Ɗalibin da ke aiki da irin wannan zai yi ta ƙara wa launi ƙarfi don ya gamsu, ranar gabatar da aiki kuma a haska shi a wata na'ura a ga abu ya yi kururuwa.

Fuska mai kyau ma ba ta ɗauke wa kowa gwajin bugu. Kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin maɗaba'a kuwa da tawada huɗu yake yi, abin da ake kira CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da ka gani a fuska yana iya fitowa da ɗan shunayya a takarda. Shi ya sa nake cewa a ware wani abu daga kuɗin kwamfuta don buga gwaji a duk zango.

To MacBook fa? Ƙirar Air mai injin M1 ta 2020 tana da fuska mai kyau ƙwarai, batirinta kuma na kai mutum wuni, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zama a hostel yana jiran a kawo wuta. Amma RAM da ma'ajiyarta a manne suke, gyaranta na da tsada, kuma idan mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ka sayi abin ado ne kawai. Sannan wuraren bugu a garuruwanmu Windows suke amfani da ita. Wanda ke da hali kuma ya san inda ya dosa, ya saya. Ga ɗalibi mai kuɗi ƙididdigagge, ban ga dalili ba. Manyan nan irin su HP ZBook da Dell Precision da na wasan gem kuwa, sai ga wanda zai shiga harkar bidiyo ko zane mai siffa uku (3D) a manhajar Blender. Suna da nauyi, batirinsu ba ya jimawa, kuma a zafin Afrilu fankarsu ba ta hutawa, ga ƙurar hunturu da take zuƙa. Kwamfutar tebur ta fi kowacce ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, shi ya sa ta dace da ɗakin aikin sashe idan akwai sola ko janareto. Ɗalibi ba zai iya kai ta aji ba.

Batun manhaja ya kan jawo gardama tsakanin malamai. Photoshop da Illustrator da InDesign su ne abin da kamfanonin talla da masu ba da aiki daga waje ke tambaya, amma tun 2013 Adobe ta daina sayar da su kai tsaye, sai dai biyan kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara. CorelDRAW kuwa, wadda kamfanin Corel na Kanada ya fito da ita a 1989, ita ce harshen masu buga katin biki da kalanda da fosta da ƙyallen talla a nan. Ɗalibin da ya je aikin koyon sana'a bai iya ta ba, yaran shago za su yi masa dariya. Ra'ayina shi ne a iya duka biyun, amma a koyar da ƙa'ida, kada darasi ya zama haddar wurin maɓalli. Kuma a riƙa tambayar mai bugu wane zubi na Corel yake da shi kafin a kai masa aiki, domin tsohon zubi ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Mafi sauƙi a kai masa PDF, an mai da rubutun ya zama zane.

Kowa ya san mai shago na loda wa mutum manhajojin sata a matsayin gyara. Ba na ba da shawarar haka, musamman yanzu da akwai mafita ta halal. Inkscape da Krita da GIMP da Scribus kyauta ne tun asali. Manhajar Affinity, wadda Canva, mai dandalin tsara zane a intanet, ta saya a 2024, ita ma ta zama kyauta a Oktoba 2025, kuma tana yin aikin hoto da na tambari da na tsara shafi, har da CMYK. Ita kanta Canva tana da amfani ga aikin gaggawa, sai dai ba na karɓar aikin aji da aka ɗauko tsarinsa a shirye.

Wani abin da ba a saye amma ana mantawa: nau'in rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su, sai ka ga fosta ta fito da akwati a tsakiyar kalma, ko an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Noto na Google da Charis da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL suna da su, duk kyauta. Mai aikin ajami ya nemi Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa salon rubutun hannu na yankin Kano.

Allon zane mai alƙalami sai daga baya, kuma ƙarami marar fuska ya isa. Wacom ta Japan ce ta yi suna, amma Huion da XP-Pen na China suna aiki lafiya a farashi mai sauƙi. Kada adadin matakan danni da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, hannun mai koyo ba ya bambance 4096 da 8192. Abin dubawa shi ne alƙalamin ya zama marar batir, kuma a sami bakinsa na canji a cikin kwalin. Mai yin tambari da tsara shafi ma linzami mai kyau ya ishe shi.

Ranar biyan kuɗi, kada a tafi da alkawarin baki. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da fayil ɗin rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. A sake kunna kwamfutar a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, a tabbatar babu kalmar sirri, a gwada kowane maɓalli da kowace kafar USB da ta HDMI, a duba ko cajar ta asali ce. Sannan mai shago ya rubuta a rasit, da hannunsa, lambar jikin kwamfutar da yawan RAM da girman SSD da kwanakin garantin da ya bayar.